Fanka Mai In'ina

Tun tana 'yar firamare ake kiranta Lasifika, kuma mahaifinta ne ya jawo mata sunan, ko da yake shi bai taɓa furta shi ba. Mai gyaran fanka ne, da dutsen guga, da duk abin da aka jona wa wuta ya ƙi tashi. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai kwafin takardu da mai sayar da tayoyi. Benci ɗaya ne a ciki wanda ya sha ƙuna, sai gwangwanayen kusoshi, da fankoki marasa kai jere a jikin bango kamar masu jiran ganin likita, da warin dalma da ba ya barin riga ko an wanke ta. A aikin hannu babu na biyunsa a layin, amma yana da in'ina mai tsanani, irin wadda kalma kan maƙale a maƙogwaro har sai ya buga sukundireba a benci kafin ta fito.

Saboda haka da an tashi daga makaranta sai ta zarce shago, ta jefar da jaka, ta haye wani mataccen talabijin ta zauna. Mai kaya zai zo ya yi tambaya, Baba ya buɗe baki, "Ji-ji..." ita kuma ta cafe: "Jibi, in ji Baba. Naɗin wayar ciki ne ya ƙone." Da wuya ta yi kuskure. Ta san motsin leɓensa, ta san abin da girarsa ke nufi.

Mutanen layin suna cewa Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, tana rufa wa ubanta asiri, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai akwai abin da ba su lura da shi ba: ba ta barinsa ya kai ƙarshen kalma ko da babu baƙo a shagon. Wannan ɗan lokacin da yake kokawa da harafi, idon mai kaya yana yawo yana neman inda zai sauka, shi ne ba ta iya jurewa, kuma ba don Baba kaɗai ba. In idon ya gama yawonsa, a kanta yake sauka.

Da ta gama sakandare ta ce sashen koyon aikin jarida za ta shiga a kwaleji. Mama ta so ta yi aikin jinya. Yayanta, wanda ke tuƙa motar wani kamfanin ruwa, ya ce ai wannan ba sai an je makaranta ba, da surutunta aka haife ta, kwalejin ce ma za ta koya a wurinta. Aka juya ga Baba.

"Ni dai, n-n-n..."

"Ya ce ya yarda," in ji ta.

"Ke, ki bar mutum ya ƙi da bakinsa mana!" in ji Yaya.

Baba ya yi dariya har da tari, ya ɗaga hannu alamar a bar maganar. Da haka aka tashi.

Kwalejin ta karɓe ta yadda take so. Akwai ɗakin naɗar murya mai bango liƙe da soso, da jar fitila a saman ƙofa wadda in ta kama ko shugaban sashe ba ya shiga, da makirufo ɗaya mai kyau da ɗalibai ke faɗa a kansa. Ta koyi rubuta labari ta yadda za a san abin da ya faru tun a layin farko. Ta koyi dokokin aikin, abin da ake faɗa da abin da ke kai mutum kotu. A karanta labarai kuwa ba a haɗa ta da kowa. Muryarta ba ta rawa, ba ta tuntuɓe, har 'yan ajin gaba kan leƙo ta taga su saurara.

Wadda ta fara taka mata burki ita ce malamar shirye-shiryen rediyo, tsohuwar ma'aikaciyar gidan rediyo, wadda ɗalibai ke kira Malama Sake, don komai ka kawo mata kalmar farko ke nan. Ta tura su kowa ya yi hira da wani a harabar makaranta. Lasifika ta zaɓi mai gadin babbar ƙofa, ta dawo da hirarta tana taƙama. Aka kunna a gaban aji. Malama ta saurara da ido a rufe, sannan ta ce:

"Da wa kika yi hirar nan?"

"Da mai gadi, Malama."

"To ni ban ji mai gadi ba. Ke na ji kina tambaya, ke na ji kina amsawa, sai wani bawan Allah a gefe yana cewa ƙwarai, ƙwarai."

Aji ya ɗauka da dariya. Aka sake kunnawa, ta saurara da kunnen wani, ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Duk jimlar da mutumin ya fara, ita ce ta ƙarasa masa. Malama ta miƙo mata biro.

"Daga yau, in kin yi tambaya, ki sa wannan a baki ki cije. Kada ki cire sai mai magana ya gama, ya yi shiru, shirun ya dame ki. Sake."

Haka ta yi ta yawo da biro mai shatin haƙora har shekarar ƙarshe.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya haɗa ɗan gajeren shiri a kan mutum ɗaya da sana'arsa, a watsa shi a tashar kwalejin, wadda ake kamawa a duk faɗin garin. Wani ya samo lauya, wata ta samo likitar mata, wani ya bi ɗan ƙwallo har filin atisaye. Ita ta rubuta: mai gyaran fanka.

Ƙawayenta suka ce kai, wannan ita ce 'yar halak, ba ta manta da tushenta ba. Ita ma ta bar su a haka. Amma tunanin bai zo mata ranar zaɓen ba. Ya zo ne tun ranar da aka fara koya musu tace murya a kwamfuta, ranar da ta ga magana ta zama zane a kan allo, tudu da kwari, ta ja layi a kan wani tari da ta yi, ta danna, tarin ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. A take Baba ya faɗo mata. So take ta ji yadda zai kasance in an cire masa abin nan. So take garin ya ji uban da za ta samu da a ce bakinsa bai maƙale ba. Ko wannan ƙauna ce ko wani abu ne da ya yi kama da ita, ita kanta ba ta tsaya bincike ba.

Da ta faɗa a gida, Mama ce ta fara hawa sama.

"Rediyo? So kike a yi masa dariya a kowane shago? Karatun ke nan?"

"Mama, babu wanda zai ji ko ɗaya. Akwai yadda ake cirewa."

Baba ya dube ta. "D-duka?"

"Duka, Baba. Na yi maka alkawari."

Ta zo da rikoda wata ranar aiki da rana tsaka, lokacin da layin ya ɗan lafa. Akwai wata fanka mai tsayuwa da ya gama yi wa sabon naɗi, ya kunna ta a bayansa yana gwaji, kuma da zafin da ake yi babu wanda ya yi tunanin kashe ta. Ta yi tambayar farko, ta sa biro a baki.

Ba ta taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Kalma za ta maƙale, sukundireba ya sauka a benci, ita kuma ga kalmar a kan harshenta a shirye, sai ta ƙara cije biron. Shi ma yana ta kallonta yana jiran ta cece shi kamar kullum. Da ya ga ba ta da niyya, sai ya ci gaba da kansa. Abin da ya fito kuwa ba shi ne abin da za ta faɗa ba. Shekara da shekaru tana gaya wa mutane cewa Baba ya ɗauki sana'ar nan ne don tun yana yaro yake son kayan wuta. Ashe malamin makaranta ya so zama. Ya ce lissafi ya iya, har yakan koya wa 'yan ajinsu a kan takarda, amma ranar da aka ce ya tsaya gaban allo ya yi bayani, aka tashi daga darasin bai gama jimlar farko ba. Ya ce ya zaɓi fanka ne don ita ba ta tambaya. Ya ce duk fankar da aka kawo, kafin ya kwance ta yakan kunna ya saurara, domin da bakinta take faɗin ciwonta. Ya yi maganar mutanen da ke kawo kaya su manta da shi, da wata tsohuwa da ke kawo fankar marigayin mijinta duk shekara ko ba ta lalace ba.

Lasifika ta fito daga shagon haƙoranta suna ciwo, sai a bakin titi ta tuna ba ta kashe rikodar ba.

Sannan ta zauna gaban kwamfuta ta cika alkawari. Kwana da kwanaki tana yanka. Duk harafin da ya maimaitu ta cire, duk bugun benci ta cire, duk ramin shiru ta haɗe bakinsa. Da ta gama ta kunna, sai ga wani mutum yana magana tiryan-tiryan da muryar Baba, babu gargada ko ɗaya. Ta saurara ta sake, ta saurara ta sake, har mai kula da na'urorin ɗakin ya ce wasu ma suna jiran kujerar.

Malama Sake ba ta kai rabi ba ta cire abin sauraro daga kunne.

"Wannan bawan Allah, a ina yake numfashi?"

"Malama?"

"Tun da ya fara bai ja iska ba. Ni da nake saurare har ƙirjina ya cika. Mutum ne ko injin niƙa?"

Lasifika ta yi bayani. Baba yakan ja numfashinsa ne a tsakiyar kalmar da ta maƙale, saboda haka da in'inar ta tafi, numfashin ya bi ta. Malama ta ƙara sauti ta ce ta bar maganar, ta saurari bayanta. Sai ga fankar nan. Duk inda aka yanka, ƙararta sai ta yi tsalle, ta katse, ta dawo.

"Ana gyara wannan, kin sani, ni na koya miki," in ji Malama. "Ki naɗo ƙarar fanka zalla ki shimfiɗa a ƙasa, ki aro numfashi ki liƙa masa nan da can. Babu mai ganewa sai irina. Cire tari da gyaran murya aikinmu ne. Amma wannan mutumin da kika ƙera, babu shi a garin nan, ni kuma ba na sa hannu a kan wanda babu shi. Ko ki dawo da mai shagon, ko ki nemo wani. Akwai sauran lokaci."

"Na yi masa alkawari, Malama."

"Alkawarinki ne. Muryar kuma tasa ce. Kin tambaye shi bayan ya ji, ko kafin ya ji?"

Neman wani ba wuya ba ne. Mai kwafin takardu ma da gudu zai yarda, ga shi da baki. Amma in ta yi haka, maganar allo da ta tsohuwa mai fanka za su zauna a cikin rikoda har a goge su, Baba kuma ya koma mutumin da 'yarsa ke faɗa wa duniya abin da yake nufi. Ta je ta roƙe shi ya zo kwaleji ya ji da kunnensa.

Ya rufe shago da safe, abin da ba ya yi sai rashin lafiya. Ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, ya shiga ɗakin soso yana taka ƙasa a hankali kamar za ta fashe. Mai kula da na'urori ya ba shi kujera, ya ɗora masa abin sauraro mai kyau, wanda ba a ba ɗalibai.

Shimfiɗa ƙarar fankar nan ba zai ɗauke ta wani lokaci ba, kuma tana da ranaku kafin zuwansa. Ba ta yi ba. In an tambaye ta takan ce ayyuka ne suka yi mata yawa. Amma ta san kunnen da za ta kunna wa, ta san shi fiye da kowa.

Ta kunna masa wanda ta tace. Da muryar ta fara, fuskar Baba ta buɗe. Ya dubi 'yarsa, ya dubi allon, ya kai hannu ya taɓa maƙogwaronsa. Murmushin ya daɗe. Can sai ya fara raguwa, girarsa ta haɗe, ya karkata kai gefe yadda yake yi in an kawo masa aiki.

"Tsa-tsaya. Wace f-fanka ce wannan?"

"Taka ce, Baba. Wadda ka yi wa naɗi ranar."

"A'a. T-tawa ba ta haka."

Ta nuna masa a allo. Nan aka yanka, nan ma, nan ma. Duk inda ta cire masa maƙalewa, fankar ta rasa wani yanki na juyinta.

Ya bi layukan da ido. Sannan ya ce, "W-wato kin cire min, kin s-sa wa fanka."

Mai kula da na'urori ya yi ƙoƙarin riƙe dariyarsa, ta ƙwace masa. Baba bai yi dariya ba.

"Gari duka ya ji f-fanka tana shaƙuwa a sh-shagona? Wa zai sake kawo min aiki?"

A nan za ta iya yin shiru ta bar fankar ta gama mata aikin. Ta kusa yin hakan. Amma ta ce, "Ana rufewa, Baba. Zan iya ɗora ƙarar wata a kai, ba za a ji ba. Sai dai Malama ta ce ko na rufe ba za ta watsa ba, don ba kai ba ne. In ka ce a bari, wallahi an bari, in nemi wani. Alkawarin yana nan."

Ya juya abin sauraron a hannunsa, ya duba wayarsa, ya duba inda aka yi mata ɗauri da salatif, ya girgiza kai don aikin bai yi masa ba. Sannan ya mayar da shi kunne.

"S-sa min na asalin."

Bai taɓa jin kansa yadda yake ba. Ta zauna a gefe tana kallon gumi yana tsattsafo masa duk da sanyin ɗakin. Da aka zo wani wuri da ya daɗe yana kokawa da kalmar allo, sai ya runtse ido, yatsunsa suna neman sukundireban da babu shi. Bai ce a tsayar ba. Ya saurara har ƙarshe, har inda ake jin ƙarar titi bayan ta fito.

"H-haka kuke ji kullum?"

"Haka, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Amma f-fankar lafiya lau."

"Lafiya lau."

Ya jawo kujerarsa kusa da allon. "Koma f-farko."

Suka wuni a kai. Shi ke nunawa da yatsa, ita ke yankawa. "Wannan c-cire, ya yi tsawo, ko ni na gaji." Ta cire, ta gyara bakin yankan yadda fankar ba za ta yi tsalle ba. "Wannan b-bari." Ta bari. Da suka zo kan kalmar allo ta ɗora hannu za ta rage, ya riƙe mata hannu. Ya ce ai maganar ke nan, in an cire wannan wa zai gane abin da ya hana shi koyarwa? Bugun benci ma ya ce a bar guda biyu, don mutanen layin su tabbata shi ne. Malama ta leƙo ta gilashin ƙofa, ta gan su kai a haɗe suna gardama, ta wuce abinta. Da aka kai mata washegari ta saurara har ƙarshe, ta ce ya ɗan yi tsawo, a rage daga wajen ƙarshe, ta sa hannu.

Yanzu Lasifika tana aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa. An so a ba ta karanta labarai, ta ce hira take so, kuma an san ta da cewa mutanen da ba su saba magana ba sukan yi magana a gabanta. Amma a gidansu in ana labarin karatunta, ba takardar shaidar ake tunawa ba, ranar da aka watsa shirin ake tunawa.

Mama ta ƙi fita ranar. Ta kulle kanta a ɗaki da rediyo, ta ce kada wanda ya yi mata magana. Yaya ya faka motar ruwa a ƙofar shago ya buɗe ƙofofinta duka, ya ƙure sauti, har mai tayoyi da mai kwafi da masu wucewa suka taru. Da aka zo maƙalewar farko wani mai jiran dutsen gugarsa ya yi 'yar dariya, ya waiga bai ga abokin tayi ba, ya mayar da ita tari. Baba kuwa bai ɗago ba. Yana zaune a bencinsa ya ba jama'a baya, yana goge wani ƙarfe da ya riga ya gogu.

Ita tana ɗakin watsawa a kwaleji, sai da aka gama ta taho. Ta tarar mutane sun watse, Yaya yana ta amsa waya yana cewa eh, babanmu ne, eh, ƙanwata ce ta haɗa. Ta shiga shagon ta tsaya. Baba ya ajiye ƙarfen, ya dube ta, fuskarsa babu wasa.

"Kin y-yanke wani wuri."

"Wanne, Baba?"

"Inda na ce k-kada a zuba wa fanka man girki. Shi ne m-mafi amfani a duk maganar. Rabin aikin da ake k-kawo min, shi ne."

"Malama ce ta ce ya yi tsawo."

"To ki g-gaya mata a ƙara min lokaci." Ya jawo wata fanka gabansa, ya fara kwance murfinta. "Akwai ma m-maganar dutsen guga. Ba ki tambaye ni ba."